Bin Salsalar Dangi a Ƙaramin Ƙauye Ba Tare da An Haɗe Kaka da Jika Ba

Duk wanda ya zauna zai rubuta salsalar gidansu, abu na farko da zai gane shi ne sunayen da ya sani ba su kai yadda yake zato ba. Mahaifi, kaka, wataƙila uban kaka, daga nan sai a koma "ai an ce". Ta wajen uwa kuwa, galibi a kan kaka ake tsayawa. Lissafin kuma ba ya raga wa kowa: iyaye 2, kakanni 4, iyayensu 8, na gaba 16, na gabansu 32. Hawa biyar kacal ka yi sama, amma mutum 62 kake nema. Wanda ya samo rabinsu da hujja, a ƙauyen da ba a saba rubuta haihuwa da mutuwa ba, ya yi aikin a yaba masa.

Tara sunaye ba shi ne mai wuya ba. Ka zauna da dattijo ɗaya da yamma, zai iya zubo maka sunaye arba'in kafin a kira magariba. Inda aikin yake shi ne a mahaɗa: tabbatar da cewa wane ɗan wane ne, ba ƙaninsa ba, ba jikansa ba, ba ɗan riƙonsa ba. Mahaɗa ɗaya in ta ɓaci, duk abin da aka ɗora a samanta ya zama tarihin wani gidan daban, ko da kowane suna a ciki na mutumin da ya taɓa rayuwa ne. Shi ya sa ake farawa daga kai mai binciken a yi sama, hawa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fara daga wani shahararren kaka da ake tutiya da shi yana neman hanyar saukowa zuwa kansa, zai sami hanyar ko babu ita, domin zuciyarsa ta riga ta yanke hukunci.

Kafin ka tafi, ka rubuta duk abin da ka sani a takarda ɗaya, ka bar gurbin abin da ba ka sani ba a fili. Sannan ka jera waɗanda za ka tambaya bisa tsufa da ƙarfin jiki, ba bisa kusanci ko sauƙin zuwa ba. Takardar da ke gidan adana kayan tarihi za ta jira ka shekara goma, tsohuwa mai shekara casa'in ba lallai ta kai baɗi ba.

A nan ne masu farawa suka fi yin asara, don sukan tafi kai tsaye wurin mai gari ko babban namijin gida, su dawo suna ganin an gama. Maza sun fi riƙe layin uba, da sarauta, da gonaki, da ƙaura. Amma wa ya haifi wa, daga wane ɗaki, wa yake bin wa, wa ya rasu yana goye, wace aka aurar wane gari, wannan a bakin mata yake. Goggo da ta yi aure a wani ƙauye shekara sittin da suka wuce ta fi kowa daraja a wannan aiki, saboda ta tafi da labarin yadda yake a lokacin, ba ta zauna cikin gyare-gyaren da aka yi masa a gida daga baya ba. Haka ma tsohuwar da ta daɗe tana karɓar haihuwa a garin, da wanda ya daɗe yana rubuta wa mutane wasiƙa, da maƙwabcin da gonarsa ke iyaka da taku. Waɗanda ba jinin gidan ba sukan faɗi abin da 'yan gida suke nauyin faɗa.

Kayan aiki ba su da yawa. Waya mai naɗar murya ta isa, amma ka rufe layin kira kafin ka fara, don kira ɗaya yana iya yanke naɗin ba ka sani ba. Ka ajiye ta a kan wani abu mai taushi, kimanin kamu biyu zuwa uku daga bakin mai magana, nesa da injin niƙa, rediyo da iska. In wayar tana da zaɓin WAV, wani nau'in fayil na naɗin murya, ka ɗauke shi, ya fi tsabtar sauti, sai dai yana cin wuri: kusan megabait 10 a minti ɗaya, wato wajen 600 a awa. Ka riƙe fawa-bank. A farkon kowane naɗi ka faɗi kwanan wata, da wurin, da sunan mai magana, da dangantakarsa da gidan, da su wa ke zaune a wurin. Na ƙarshen nan yana da amfani fiye da yadda ake zato, don abin da mutum zai faɗa a gaban surukinsa daban ne da wanda zai faɗa shi kaɗai. Littafi da biro ma dole ne, saboda sunaye a naɗi sukan fito a dushe. Zama ɗaya kada ya wuce awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Bayan haka tsoho ya gaji, sai ya fara amsa maka da "haka ne" don ka tafi. Ka kuma sani cewa mayar da awa ɗaya ta magana zuwa rubutu yana cin awa huɗu zuwa shida, don haka kada ka tara naɗi ashirin kana cewa sai ka koma gida.

Yadda ake tambayar shi ne rabin aikin. Kada ka ce "ashe wane ne ya haifi wane, ko?" Ladabi kaɗai zai sa a ce maka e. Ka ce "wa ya haifi wane?" ka yi shiru. Kada kuma ka karanta wa mutum jadawalin da ka riga ka haɗa kafin ya ba ka nasa, domin daga ranar ya zama mai maimaita maganarka, kuma in wani ya zo bayan shekara biyar zai ji ta daga bakinsa a matsayin abin da aka gada. Ka ji kowa shi kaɗai tukuna. Taron dattawa yana da amfaninsa, suna tuna wa juna abubuwa, amma a taro maganar mai girma ce take tsayawa ko da shi ne bai tuna daidai ba, saboda haka a bar shi zuwa ƙarshe.

Kan kowane suna da aka ambata, tambaya ɗaya ce ba a tsallakewa: "Kin gan shi da idonki, ko labarinsa kika ji? A bakin wa?" Ganau daban, jiyau daban, kuma a littafinka ma kada su zauna a layi ɗaya ba alama. Mutum uku da suka ba ka labari iri ɗaya, in ka bincika ka ga duk a bakin kakarsu ɗaya suka ji, to shaida ɗaya gare ka ba uku ba. Shaida ta biyu ta gaskiya ita ce wadda ta fito daga wani reshe da ya rabu da naku tun da daɗewa, ko daga gidan da aka auro mace, ko daga takarda.

Game da 'ya'ya, kada ka ce a lissafo maka 'ya'yan wane. Za a kawo maza da suka girma suka bar baya, a manta sauran. Ka bi ta ɗaki: matansa nawa, har da waɗanda suka fita da waɗanda suka rasu, wannan haihuwarta nawa, wa ta fara haifa, wa ke bi masa, akwai wanda ya rasu a tsakani? Wannan jeri yana da amfani biyu. Yana fito da mata da yaran da suka rasu, kuma yana ba ka ma'aunin shekaru, don inda ake shayarwa har kusan shekara biyu, tazarar haihuwa takan kasance shekara biyu zuwa uku. In ka san shekarar haihuwar na biyar, za ka iya kintatar ta na fari da kuskuren da bai wuce 'yan shekaru ba.

Sai maganar shekaru, wadda ita ce ta fi ba mutane wahala. Tambayar "a wace shekara aka haife shi?" ba ta da amfani a wurin wanda bai taɓa rayuwa da kalanda ba. Abin da mutane suke riƙewa shi ne abin da ya faru: shekarar yunwa, shekarar fara, ambaliya, gobarar da ta cinye gari, zuwan jirgin ƙasa, buɗe makaranta, canjin kuɗi, naɗin wani mai gari. Aikinka shi ne ka gina jadawalin waɗannan abubuwa na ƙauyen, ka nemo wa kowanne shekararsa daga waje. Wasu a bayyane suke: Yaƙin Duniya na Ɗaya 1914 zuwa 1918, annobar murar da ta zagaye duniya a 1918 da 1919, Yaƙin Duniya na Biyu 1939 zuwa 1945, tauraruwa mai wutsiya ta Halley da aka gani a 1910 ta sake dawowa a 1986, annobar da ta kashe shanu a faɗin Afirka daga wajen 1889 zuwa ƙarshen shekarun 1890. Kusufin rana ya fi duka kyau, domin hukumar NASA ta wallafa jadawalin kusufi na dubban shekaru da taswirar inda kowanne ya bi, har ranar da sa'ar za ka samu. Tarkon da ke ciki shi ne abubuwan da suke maimaituwa. Yunwa ba sau ɗaya aka yi ba, fara ma haka, kuma "lokacin yaƙi" yana iya zama kowanne daga cikin biyun ko wani na cikin gida. Sai ka tambayi sunan da mutanen garin suka sa wa wannan yunwar, da wanda ke sarauta a lokacin, da abin da ya zo kafinta.

In an sami abin da ya faru, sai a auna mutum da shi. "Lokacin kina ina, kina yin me?" Wadda ta ce tana goye, ba ta wuce shekara biyu ba. Wanda ya ce yana famfara, shekara shida zuwa bakwai ne. Wadda ta ce ta fara zama budurwa, sha uku zuwa sha biyar. Haka kuma tambayar "wa ya girmi wa?" da "su wa ye sa'o'insa?" tana jera mutanen gari gaba ɗaya, ta yadda in mutum ɗaya a cikin tsara yana da takardar haihuwa ta gaskiya, sauran sun samu. Ka rubuta irin waɗannan shekaru da tazara, kamar "tsakanin 1921 da 1924", kada ka zaɓi ɗaya don jadawali ya yi kyau.

Shekarun da ke kan katin shaida ko takardar rantsuwar shekaru kuwa, a riƙe su da hannu biyu. Da yawa an ƙirƙire su ne a ranar da ake buƙatar takardar, an rage don makaranta ko aiki, an ƙara don wani dalili. Alamarsu ba ta ɓuya: ranar haihuwa 1 ga Janairu, ko shekarun da suka ƙare da 0 ko 5, abin da masu nazarin ƙidaya suka daɗe da sani a duk inda mutane ke kintatar shekarunsu. In kwanan watan na Hijira ne, ka tuna shekarar tana da kwana 354 ko 355, ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, don haka shekara 33 ta Hijira daidai take da 32 ta Miladiyya. Hanyar kintace mai sauƙi: ka ninka shekarar Hijira da 0.97, ka ƙara 622. Shekarar 1350 za ta ba ka 1931 da ɗoriya, kuma haka ne. Sauran kalandu ma suna da nasu: ta Habasha tana bayan Miladiyya da shekara 7 zuwa 8, Rasha kuma ba ta koma kalandar da ake bi yanzu ba sai 1918.

Da ka sami shekaru, ko na kintace ne, sai ka sa jadawalin a sikeli. Tsakanin uwa da abin da ta haifa, a matsakaici, shekara 25 zuwa 30 ne. Tsakanin uba da ɗa, 30 zuwa 35, yana iya haura haka inda maza ke haihuwa har tsufa. Wanda aka haifa a 1990, mahaifinsa zai faɗo wajen 1958, kakansa wajen 1925, uban kakan wajen 1893, na sama da shi wajen 1860. In aka ce maka kakanku na bakwai ne ya kafa garin shekara 400 da suka wuce, raba 400 gida bakwai: shekara 57 kowane hawa. Sau ɗaya hakan na iya faruwa, sau bakwai a jere ba ya yiwuwa. Ko dai garin bai kai haka tsufa ba, ko kuma sunaye sun zube a hanya. Na biyun ya fi yawa, kuma a tsakiya suke zubewa. Mutane suna riƙe wanda ya kafa gida saboda darajarsa, suna riƙe hawa uku ko huɗu na kusa saboda an gan su, na tsakiya kuwa da ba su yi sarauta ko wani abin faɗa ba sai su narke, a wayi gari jika ya zama ɗa. Ga mace ma'aunin ya fi tsauri: duk haihuwar da ta faɗo kafin ta kai sha uku ko bayan ta haura hamsin, akwai kuskure a wurin, galibi an haɗe mata biyu ne, ko an ba uwargida 'ya'yan amarya.

Akwai kuma kishiyar wannan matsala, inda jerin yake tsawo fiye da kima. Wannan yakan faru ne in an ɗauki jerin masu sarautar gari a matsayin salsala. Sarauta tana iya bin wa da ƙani, ta koma ɗan wa, ta tsallaka wani gida ta dawo. Masu gari biyar a jere suna iya zama hawa biyu kacal. In ka ga mutum shida "uba da ɗa" a cikin shekara 80, 'yan'uwa ne aka jera a tsaye.

Takwara ita ce babbar mai ɓarna. Iyalai da yawa suna mayar da sunan kaka ga jika, don haka suna ɗaya yakan dawo bayan kowane hawa biyu. Mai ba da labari ya san wanda yake nufi, kai mai rubutu ba ka sani ba, sai ka haɗe mutum biyu su zama ɗaya, hawa biyu su ɓace a take. Akasin haka ma yana faruwa: mutum ɗaya da sunan yanka, da laƙabi, da sunan sana'a, da sunan da ya samu bayan ya yi sarauta, ya shiga littafinka a matsayin mutum huɗu. Maganin duka biyun ɗaya ne. Kowane suna ka ɗaure shi da abu uku: sunan uwarsa, sunan matarsa ko mijinta, da inda ya zauna ko inda aka binne shi. Takwarori biyu suna iya haɗa sunan uba, amma da wuya su haɗa uwa da mata. Haka nan in an ce "babansa ne" ko "wansa ne", ka bi da tambaya: shi ya haife shi, ko ƙanin uban ne, ko shi ya riƙe shi? Uwa ɗaya uba ɗaya, ko 'yan uba ne, ko 'ya'yan wa da ƙani? Agola da ɗan riƙo sukan tashi da sunan mai gidan da ya rene su. Ka rubuta dangantakar biyu, ta jini da ta riƙo, kowace da alamarta. Duka biyun tarihi ne.

Wata shaidar da ake mantawa da ita ita ce ƙasar kanta. Ka nemi dattijo ya zagaya da kai gonaki, kana zana taswira ko da ta hannu ce. Gonaki huɗu dogaye da suka jeru gefe da gefe, masu kusan faɗi ɗaya, yawanci gona ɗaya ce aka raba wa 'yan'uwa huɗu, kuma wanda ya mallake ta kafin rabon shi ne hawan da kake nema. Gidajen da suka haɗa katanga ko zaure ɗaya haka suke. Kufai, tsohuwar rijiya da sunan wanda ya haƙa ta, bishiyar da ake kira da sunan wani, jerin kaburbura ko da babu rubutu a kansu, duk suna tayar da sunayen da zama a ɗaki bai tayar ba. Mutum yakan kare iyakar gonarsa da sunan kakan da ya sare dajin, shi ya sa wannan sunan ba ya ɓacewa da wuri. Sai dai a nan ne kuma son rai ya fi shiga, don haka in gonar tana cikin rigima, ka ji ta bakin ɓangarorin biyu, ka kuma bayyana tun farko cewa ba shari'a ka zo yi ba.

Takardu sai a fara da na cikin gida: akwatin ƙarfe, ƙasan adaka, bangon littattafan addini inda ake rubuta haihuwa da rasuwa, ƙarshen littafin da aka kwafa da hannu inda mai kwafi yakan sa sunansa da na mahaifinsa da shekara, rasit ɗin haraji, wasiƙu, takardar sallama daga soja, bayan hotuna. Daga nan a fita zuwa rajistar makarantar firamare mafi tsufa a yankin, da ta asibiti ko wurin ibada in suna ajiyewa, da kotu. Takardar rabon gado ta fi kowace daraja, domin ita kaɗai ce take tilasta a lissafo matan mamaci da 'ya'yansa maza da mata gaba ɗaya a rana ɗaya. Zurfin da za ka iya kaiwa ya danganta da ƙasar. A Ingila an umarci majami'u su riƙa rubuta baftisma da aure da binnewa tun 1538, gwamnati ta fara nata rajistar a 1837. A Faransa tun 1792 rajistar ta koma hannun hukuma. Ko a can ma akwai ramuka: yawancin takardun ƙidayar Amurka ta 1890 sun lalace a gobarar 1921, ma'ajiyar takardun Ayalan da ke Dublin ta ƙone a 1922. A ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka, abin da ya fi yawa shi ne rahoton kimanta haraji da bayanan gundumomi, waɗanda ake samu a ma'ajiyoyi irin na Kaduna, Dakar, Kew a Landan, da Aix-en-Provence a Faransa. Kada ka je can da sunan kakanka kana tsammanin fayil. An jera takardun ne da sunan lardi da gunduma, a rubutun wancan zamani, wanda sau da yawa ya saɓa da na yau, kuma ƙauyen yana iya kasancewa a ƙarƙashin wata gunduma daban a lokacin. Abin da za ka samu galibi sunayen masu gari ne, da adadin gidaje, da shekarun yunwa da ƙaura. Wannan ma riba ce, don da shi ake ɗaure jadawalin shekaru. Rubutu kuma ba ya nufin gaskiya: jami'in da ya rubuta ta bakin tafinta ya ji, daga mutumin da ke da dalilin rage yawan mutanensa saboda haraji.

Takardar da aka nuna maka, ka ɗauki hotonta a wurin, gaba da baya, a inuwa mai haske ba tare da filasha ba, ka bar wa masu ita kayansu. In da sikana, ɗigo 300 a inci ya isa ga rubutu, 600 ga ƙananan hotuna. Kada a yi wa tsohuwar takarda laminatin, zafi da gam suna lalata ta kuma ba a iya cirewa. Kada a liƙa mata salatif. A cire fil da kilif na ƙarfe saboda tsatsa. Hoto kuwa, a tambayi sunayen waɗanda ke ciki daga hagu zuwa dama tun masu ganewa suna raye, a rubuta a baya da fensir.

Don kada takwarori su sake rikita ka a kan takarda, ka ba kowa lamba. Akwai tsarin da aka fara bugawa tun 1590 kuma har yau shi ake bi: kai ne 1, mahaifinka 2, mahaifiyarka 3. Uban kowane mutum ninkin lambarsa ne, uwarsa kuma ninki da ƙarin ɗaya. Iyayen 2 su ne 4 da 5, iyayen 3 su ne 6 da 7, iyayen 7 su ne 14 da 15. Ban da kai, duk lamba mai rabuwa biyu namiji ne, marar rabuwa mace. A ƙaramin ƙauye za ka tarar mutum ɗaya ya riƙe lamba biyu ko uku, saboda auren dangi. Ba kuskure ba ne, kuma yana rage yawan mutum 62 ɗin nan. Wannan tsarin na kakanni ne kawai, don haka kowane ma'aurata ka buɗe musu shafi daban na 'ya'yansu. A gefen kowace magana ka sa inda ta fito: wa ya faɗa, yaushe, ganau ne ko jiyau. Inda ruwaya biyu suka saɓa, ka rubuta duka biyun, ka faɗi wadda ka fi karkata gare ta da dalili. Manhajar Gramps kyauta ce kuma tana aiki ba intanet, tana karɓar mata fiye da ɗaya da 'ya'yan riƙo. Ka riƙa fitar da aikin a fayil ɗin GEDCOM, wanda kusan kowace manhajar salsala take karantawa. Kwafi uku ake ajiyewa, ɗaya a wani gida daban, ɗaya kuma a buga a takarda.

Labarin asali, irin na "daga gabas muka zo" ko nasaba da wani babban gida, a rubuta shi yadda aka faɗa, da sunan mai faɗa, a babi nasa. Ba a ƙaryata dattijo a gabansa, ba a kuma liƙa labarin a saman jadawali kamar an tabbatar. Sau da yawa akwai ƙwayar gaskiya a ciki, kamar hanyar da aka biyo ko sana'ar da aka zo da ita. Inda ka ga an yi saurin wuce wani suna, ko an ce "ita dai ba 'yar nan ba ce" aka yi shiru, mai yiwuwa akwai bauta, ko haihuwar da ba a son tonawa, ko wata tsohuwar gaba. Kada ka matsa a zaman farko, kuma in an ce a kashe naɗi, a kashe.

Gwajin DNA, wato na ƙwayoyin halittar da ake gada daga iyaye, bai kai yadda ake zuzuta shi ba a irin wannan aiki. Mutum yana tarayya a kashi 50 cikin ɗari na DNA ɗinsa da mahaifi ko mahaifiya, kusan 25 da kaka, kusan 12.5 da ɗan baffa ko ɗan kawu, kusan 3 da wanda suka haɗa uban kaka. Daga nan adadin yana ƙanƙancewa har ya ɓace. A ƙauyen da aka daɗe ana auren juna, alƙaluman sukan kumbura, dangi na nesa ya fito kamar na kusa. Gwajin layin maza zalla yana iya nuna ko gidaje biyu da ke cewa kakansu ɗaya sun haɗa tsatso, amma ba zai faɗi sunan kakan ba. Yana kuma iya fito da abin da ba wanda ya nema, don haka ba a yi wa kowa sai da saninsa da yardarsa.

In aikin ya kai a raba, a yi kwafi iri biyu. Na cikin gida yana ɗauke da komai. Wanda zai hau intanet ko ya shiga zauren WhatsApp na dangi, a cire masa ranakun haihuwar rayayyu, da sunayen iyayensu mata, da hotunan katin shaida, domin da irin waɗannan bayanai ake damfara, a kuma cire duk abin da aka faɗa maka bisa amana. Kowane kwafi a sa masa kwanan wata da lambar bugu, saboda gyara zai zo, kuma in ba a yi haka ba tsohon kwafi mai kuskure zai ci gaba da yawo ana kafa hujja da shi.